Tankin da na ɗaure wa baki

Ranar wata Laraba, ana tsakiyar yankan gero, tankin da na ƙera da hannuna ya fashe a rumfata a Tambuwal. Murfinsa ya same ni a muƙamuƙi da wuya. Na yi wata guda da kwanaki ban furta ko kalma ɗaya ba.

Sunana Shehu. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ɗiyata Nana, mai koyarwa a firamare, ita ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya.

Noma nake yi. Shanunmu suna Fakku, ƙasar Kebbe, a hannun ƙanena Buhari. Ƙarfe ba sana'ata ba ce, so ne kawai. Shekarun baya na sayi tsohon injin tona, mai sassaƙe ƙarfe, a wurin 'yan gwangwan, na gyara shi na kafa a rumfa bayan gida. In na dawo daga gona sai in shiga. Wani ya kawo sandar injin ban-ruwa, wani ya kawo notin da ya cinye. In yi masa, ya ce Allah ya saka, ya tafi.

Wuƙar injin tana yin zafi in tana cin ƙarfe, sai ana zuba mata ruwan da aka haɗa da mai, fari kamar nono. Da gwangwani nake ɗiga mata. Daga baya na raina gwangwanin. Na yanka tsohuwar ganga, na yi mata walda sama da ƙasa, na sa tiyo biyu. Ta ɗaya iska ke shiga daga injin iska irin na masu faci, ta ɗaya ruwa ke fita. In na ba shi iska sai ruwan ya feso da ƙarfi, ya sanyaya wuƙa, ya wanke ɓarɓashin ƙarfe. Mutane suka riƙa tsayawa kallo. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ba ni da geji, abin auna yawan iska. Da sifana nake ƙwanƙwasa tankin in saurari ƙararsa, kamar yadda direba ke yi wa taya. A kan murfin akwai wani ɗan bawul, ɗan ƙarfe mai buɗewa da rufewa, da na ciro daga jikin tsohon inji, na sa shi don na ga ana sawa. Shi ne ya dame ni. Da iska ta ɗan taru sai ya fara tsiii, feshin ya yi rauni. Na ɗauka yoyo yake yi. Mu kuwa a fadama kowa ya san maganin yoyo. Tiyo ya tsage, a yanko robar tub a naɗe. Bakin famfo ya saki, roba. Ƙotar fartanya ta dare, ita ma roba. Matata Kulu ce ta riƙe mini tub ɗin ina yankawa. Na danne kan bawul ɗin da guntun itace, na naɗe shi tamau. Ya yi shiru.

Biyu na ƙera. Ɗayan na kai wa Buhari Fakku, tare da ƙaramin injin tona da injin iska da na daina aiki da su, don masu noman rani na can su huta da zuwa Tambuwal gyara. Shi ma na ɗaure masa baki da hannuna, Buhari yana tsaye. Na ce masa, "Wanga ɗauri, kada ka taɓa shi."

Ya ce, "To, Yaya."

Tun yana yaro haka yake ce mini. Ni na yi masa aure bayan mahaifinmu ya rasu.

Ban ji ƙarar fashewar ba. Sun ce har bakin titi an ji ta. Ni abin da na sani, ina sunkuye ina duba wuƙa, sai na gan ni kwance a bayan mota a kan cinyar wani, bakina cike da jini da gutsattsarin haƙori. A asibitin garinmu suka tsai da jinin, suka naɗe hannuna na dama da ya karye, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce Sakkwato. Ban ga laifinsu ba. Gaskiya suka faɗa, kuma da wuri.

A hanya wuyana ya fara kumbura daga ciki. Numfashina ya yi ta ƙanƙancewa, har ya zama kamar ina zuƙar iska ta cikin karan gero. Na taɓa faɗawa rijiya. Sa ya taɓa ɗaga ni da ƙaho. Ban san tsoro ba sai ranar nan. Ka ga iska ta cika duniya, kai kuwa ba ka samun rabonka.

A babban asibitin muka tarar da layi. Wani mai rubuta kati ya ce sai an buɗe mini fayil, Kulu tana nuna masa ni yana nuna mata taga. Wata likita ce, yarinya ƙarama, ta zo wucewa, ta dube ni sau ɗaya ta ce a bar kati a turo ni. Ta huda mini wuya a ƙasan maƙogwaro, ta sa bututu. Iska ta shiga. Ban san sunanta ba har yau. Allah ya san ta.

Washegari aka yi mini tiyata. Aka haɗa muƙamuƙin, aka ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya. Kunu ta tiyon hanci nake sha. Babban likitan ya kira Kulu ya nuna mata bututun wuyana, ya ce, "Hajiya, wannan ramin shi ne ransa. Hanyar sama ta kumbura ta rufe. Kome zai faru, kada a toshe shi." Ya ce kuma ba zan iya magana ba, don iska ba ta kaiwa inda murya take.

Rana ta huɗu majina ta toshe bututun. Da hantsi ne, Kulu ta fita bakin ƙofar asibiti sayen safar hannu da auduga, don a nan kome kai ke saye. Na ja iska, ba ta shiga. Na tura, ba ta fita. Ƙirjina ya cika, ya yi tauri, na ji kamar haƙarƙarina za su rabu. Na riƙa dukan ƙarfen gado da hannun hagu har nas ta zo da gudu, ta zura siririn tiyo ta zuƙe abin. Iskar da ta taru ta fito.

Tsiii.

Na san wannan ƙarar. Ita ce wadda na yi wata biyu ina jin haushinta a rumfata. A kwancen nan na gane ba yoyo bawul ɗin ke yi ba. Numfashi yake yi. Ni na shaƙe shi.

Sai na tuna Fakku.

Daga ranar ciwon ya koma baya. Akwai shi, amma ba shi ke cina ba. In na rufe ido, Buhari nake gani ya sunkuya a kan tankin, kamar yadda na koya masa, yana ƙwanƙwasawa da sifana.

Na yi ƙoƙarin faɗa. Baki ɗaure, hannun dama cikin filasta. Na nuna wa Kulu wuyana, na nuna kudu. Ta ce, "Sannu, Malam, za mu koma gida in sha Allahu." Da Nana ta zo ƙarshen mako ta ba ni biro da takarda. Ta san ban iya rubutu ba, ta ce ko zane in yi. Da hannun hagu na zana tankin. Abin ya fito kamar ƙwarya.

Ta ce, "Inna, fura Baba shika so."

Kulu ta ce, "Likita ya hana. Ka yi haƙuri."

Na jefar da biron. Tun ina yaro aka ce in shiga makaranta, na gudu na bi shanu. Ban taɓa nadama ba sai a gadon nan.

Mako na biyu zazzaɓi ya shigo, 'yan dubiya suka shigo tare da shi. Kowa da maganinsa. Wani ya kawo rubutu a gora, Kulu ta shafa mini a goshi tunda ba dama in sha. Wani ya ce a sace ni a kai ni wurin mai ɗori a ƙauye, don muƙamuƙi ƙashi ne, ƙashi kuwa ba na likita ba ne. Wani ya ce a bar ni kawai da addu'a. Na gode musu, sun baro amfanin gonarsu a fili sun zo. Amma duk bakinsu ɗaya a kan abu guda: jifa aka yi mini. Suka ce aikin Shehu ba ya fashewa haka kawai. Shekara nawa yana ƙera abu, wa ya taɓa dawo masa da shi? Ina jinsu. Yabona suke yi, yabon kuma shi ne zai kashe ƙanena, don ba wanda ya yi tunanin a je a duba ɗayan tankin.

Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifinmu, ita ta kusa ƙarasa ni. Ta zo daga Jabo da azahar, ta tarar Kulu tana salla. Ta dubi wuyana ta riƙe baki.

"Wane irin asibiti na wanga? A bar mutum da rami buɗe, iska na shiga, ƙuda na shiga? Ko tulu ana rufe mai baki."

Ta kwance ɗan kwalinta ta naɗa mini a wuya, ta ƙulla da kyau. Hannunta na da ƙarfi, tsohuwar mai daka ce. Na fizge da hannun hagu, ta riƙe hannun tana cewa, "Bari, Shehu, bari, ba ka cikin hankalinka." Kulu ta sallame sallar da ba ta ƙare ba, ta zo ta warware. Ban taɓa jin ta ɗaga wa dangina murya ba sai ranar. Gwaggo ta fita tana kuka, tana cewa alheri ta yi nufi. Na sani. Ni ma alheri na yi nufi da tankin.

A mako na uku Buhari ya zo. Ya sayar da baƙin bijiminmu ya kawo wa Kulu abin da ya samu. Ya tsuguna gefen gado bai iya duban fuskata ba.

"Yaya, sannu. Kada ka damu da gida. Gero ya shiga rumbu. Masu albasa sun fara kawo injinansu, na ce su bari sai Asabar ta sama in tada rumfa."

Na kama rigarsa.

"Tankin nan naka kuwa lafiya lau shike. Na gwada shi shekaranjiya. Robar da kaɗ ɗaura ta ɗan saki, shina 'yar ƙara. Ban taɓa ɗaurinka ba, na dai ƙara wata bisa."

Na girgiza kai har wayar bakina ta yanke ni. Na ja shi, na nuna wuyana, na buɗe yatsu kamar abu ya tarwatse. Ya ce, "Na sani, Yaya, na ga rumfar. Wanda yay yi maka, Allah shi isam muna." Na yunƙura zan sauka daga gado, ƙarin ruwan ya fizge, jini ya ɓalle. Mutum uku suka danne ni. Nas ta ce zazzaɓi ne ya hau kaina, ta yi mini allura.

Da na farka ya tafi. Motar Kebbe ba ta jira.

Kwana goma sha ɗaya ke nan zuwa Asabar ɗin. Na riƙa ƙirga su da zuwan mai share ɗaki. In ya shigo da guga da safe, ɗaya ta tafi. Duk lokacin da wayar Kulu ta yi ƙara sai in juyo. Ina kallon fuskarta tana amsawa, in ga ko za ta ce innalillahi. Na rame. Likita ya ce ciwon yana kyau amma mutumin yana lalacewa, ya tambayi Kulu ko akwai abin da ke damuna. Ta ce tunanin gona ne.

A mako na huɗu aka kwantar da wani a gadon da ke kusa da ni. Alhaji Sani, tsohon direban tirela, ya faɗo daga babur ya karya cinya. Mutum ne mai surutu. Tun ranar farko ya sa mini suna Malam Shiru.

"Hajiya, mijin nan naki a sai da mani shi. Shekara talatin ina neman wanda zan yi wa hira bai katse ni ba."

Kulu ta ce, "Ko da bakinshi na buɗe, haka shike."

"To ke kin more. Tawa tun ran biki ba ta ja numfashi ba."

Ya ba ni labarin hanyar Legas, da ta Agadas, da yadda birkin tirela ke aiki da iska. Da ya zo nan na kasa kunne. Ya ce a ƙarƙashin kowace tirela akwai tankin iska, in ya cika sai ya yi atishawa da kansa. Ya kwaikwayi ƙarar da baki. Ya ce, "Ranar da motarka ta bar wannan atishawa, sauka ka yi nisa."

Wannan ranar Alhamis ce. Saura kwana biyu.

Akwai butar roba a ƙarƙashin gadona. Akwai kuma robar da nas ke ɗaure hannu da ita in za ta ɗebi jini, ta manta ta a kan tebur. Na nuna wa Kulu su biyun. Ta miƙo mini tana mamaki. Na matse butar tsakanin gwiwoyina, na naɗe bakinta da robar da hannun hagu, na ja tamau. Na danne murfin. Na matsa cikinta, na matsa, har murfin ya yi tsalle, ruwa ya wanke mini zane.

Kulu ta ce, "Malam, mi kaka yi haka?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗaga kansa daga matashi.

"Hajiya, tankin nan da yaf fashe, akwai wani ɗan abu bisa murfinshi mai yin ƙara?"

"Akwai. Ya dame shi ƙwarai. Ya ɗaure shi da roba, ni ma nir riƙe mai tub ɗin."

"Ya ɗaure shi." Ya juyo ya dube ni. "Malam Shiru, ashe ba jifa ba ne. Kai kaj jefi kanka."

Na ɗaga kai. Na ɗaga yatsu biyu. Na nuna butar, na nuna kudu. Sau nawa na yi wannan nunin a gabanta. Wannan karon ta tsaya tana kallon robar da ke bakin butar. Sai ta dubi yatsuna biyu.

"Biyu yay yi," in ji ta. "Guda na Fakku. Wurin Buhari."

Ta kira lambarsa ta fi sau ashirin. Fakku sabis sai an hau tudu. Ta kira Nana a Tambuwal. Nana ta aika saƙo ta bakin wani ɗan acaɓa ranar Juma'a, ba a ji kome ba. Ranar Asabar da sassafe ta shiga motar Kebbe da kanta, daga can ta hau babur.

Da safen nan likita ya zo zagaye. Alhaji ya tambaye shi yaushe zan yi magana. Ya ce in kumburin ya sauka, za a riƙa toshe ramin da yatsa, iska ta bi ta sama, murya ta fito. Ya ce, "Wataƙila mako mai zuwa. Yanzu a'a. Hanyar ba ta buɗe sosai ba. Kada ya gwada."

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayar ta yi ƙara. Kulu ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Nana ce, tana haki.

"Inna, ya ƙiya. Ya ce Baba yaɗ ɗaura da hannunshi, yac ce kada a taɓa. Ya ce shi ba ya kwance ɗaurin yayanshi da maganar ɗiya da wani direban da bai sani ba. Da ƙyar nij jawo shi bisa tudu. Inna, injin na aiki. Ya bar shi shina ba tankin iska, ga mutane zaune kusa suna jiran gyara."

A bayan muryarta ina jin injin, can ƙasa-ƙasa. Tututu, tututu.

Buhari ya karɓi wayar. Ya gaida Kulu da ladabi. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Yaya Kulu. Ba raini ba ne. Amma mutum na kwance bai iya magana, sai a ce ya ce? In ya tashi yac ce wa yat taɓa mani aiki, mi zan ce mai?"

Alhaji ya fara yi masa bayani, Buhari ya ce, "Baba, ban san ka ba."

Ni na yi shi haka. Shekara arba'in ina ce masa yi, bari, ban taɓa gaya masa dalili ba.

Na miƙa hannu Kulu ta kara mini wayar a baki. Na ja iska iya ƙarfina. Na sa babban yatsa na toshe ramin.

Nan take ƙirjina ya cika kamar ranar majina. Na tura. Ba abin da ya fito. Na sake turawa, wuyana kamar ana zura masa garwashi. Wani abu ya fito ta tsakanin wayar haƙorana, kamar kukan ƙofa.

"Bu-ha-ri."

Na saki, na sha iska. 

"Yaya? Kai na?"

Na sake toshewa. Idona ya fara ganin duhu-duhu. Kulu tana jan hannuna, na ture ta.

"Kashe. Inji."

Na saki. Na san wannan bai isa ba. Zai kashe yau don na ce, gobe ya tada. Akwai kalmar da ban taɓa faɗa masa ba tunda aka haife shi. Na toshe karo na uku.

"Kuskure. Niy yi."

Daga nan tari ya kama ni, jini da majina suka fito ta bututun, nas ta zo tana faɗa. Ina jin Alhaji ya karɓi wayar yana magana a hankali, ba wasa a muryarsa. Ya ce a fara korar mutane. A kashe injin iska. Kada kowa ya taɓa robar, kada kowa ya sunkuya a kan tankin. A tsaya bayan katanga a buɗe bakin tiyon ruwa da doguwar sanda, a bar shi ya sace da kansa.

Sai sabis ya ɗauke.

Ban san tsawon lokacin ba. Nas tana zuƙe mini bututu, ni wayar nake kallo a hannun Kulu. Masu jinyar wasu gadaje sun matso. Alhaji yana jan carbi. Na yi ta lissafin takun da ke tsakanin tudun da rumfar, da yadda Buhari ke tafiya, ba ya sauri.

Wayar ta yi ƙara.

Nana ta ce, "Baba, ya sace. Kowa lafiya."

Ta ce gindin tankin ya kumburo kamar bayan ƙwarya, har ba ya iya zama daidai a ƙasa, rawa yake yi. Waldar ƙasa ta fara zufa. Ta ce Buhari ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula, ya ƙi tashi.

Alhaji ya ce, "Malam Shiru, wata guda ina jiran in ji muryarka. Ashe gara da kay yi shiru."

Bai kai mako a ɗakin ba, amma ban gyara masa ba.

Likita ya yi mini faɗa sosai. Ya ce na fasa ɗinki biyu a ciki, na ƙara wa kaina mako guda. Ya yi gaskiya. Da Kulu ta gaya masa dalili, ya ce, "To ai da kun faɗa." Wa zai faɗa? Wata guda suna duba wuyana safe da yamma, ba wanda ya zauna minti biyar ya tambaye ni abu in ɗaga kai ko in girgiza. Ba na zaginsu. Majinyata sun yi musu yawa, kuma sun ceci raina. Amma mara magana ba mara hankali ba ne, a riƙa tunawa.

A mako na bakwai aka cire bututun. Na zaci ɗinke ramin za a yi. Suka ce da kansa zai rufe in ya ga ba a buƙatarsa. Haka aka yi. A mako na tara aka kwance wayar bakina. Muka dawo gida Kulu ta rame fiye da ni. Wata biyu tana kwana a kan tabarma a barandar asibiti, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Wani malami da Nana ta sani, mai koyar da aikin ƙarfe a makarantar sana'a, ya zo gaishe ni. Na kai shi rumfa ya ga abin da ya rage. Na tambaye shi iska nawa ya kamata in ba tankin.

Ya ce, "Tankin da ka yi wa walda da kanka daga ganga? Iskar da ke cikin rumfar nan ta ishe shi. Bar bakinsa a buɗe."

Ya ce ganga don zuba abu aka yi ta, ba don riƙe iska ba. Ko iskar tayar babur ta fi ƙarfinta, ni kuwa da injin da ke cika tayar mota nake ba ta. Ya ce sifana ba ta gaya wa mutum kome. Wanda ya ga lallai sai ya yi feshi, ya nemi tankin da aka ƙera don iska, mai lambar iyakar iskar da zai ɗauka a jikinsa, ya sa geji, ya tsaya nesa da lambar, kuma in bawul ya yi ƙara ya rage iska, kada ya taɓa bawul. In za a gwada tanki, da ruwa ake cika shi, don ruwa tsagewa yake sa ƙarfe ya yi, iska kuwa jifa take yi da shi. Ya ce amma don sanyaya wuƙa duk wannan wahala ce. A rataya bokiti a sama, ruwa ya san hanyar ƙasa.

Gwangwanina na farko ke nan, wanda na raina.

Buhari ya zo bayan sallar layya. Ya ajiye mini wani abu a kan tabarma: guntun itacen da robar, tawa da tasa, har yanzu a naɗe. Ya ce ya sare tankin da gatari, yanzu awaki ke shan ruwa a ciki. Na ce masa daga yau in na hana shi abu ya tambaye ni dalili. Ya ce, "To, Yaya." Na dube shi. Sai ya ce, "Don mi?"

Yanzu ina Tambuwal. Haƙorana na hagu babu, tuwo sai an yi mini shi ruwa-ruwa. Muryata ba ta kai ƙofar gida, in zan kira Kulu sai in buga kwano. Hannun dama yana riƙe fartanya, ba ya riƙe ta da daɗewa. Na koma rumfa. Akwai bokiti a rataye a jikin azara, bakinsa a buɗe, yana ɗiga a kan wuƙa. Ba mai tsayawa kallo.

Buhari yana Fakku, da ransa.